Haɗa Keken Shiga Yashi a Argungu

Shagona yana Argungu, kuma sana'ata ita ce gyaran keke da haɗa shi, musamman keken da zai sauka daga kwalta ya shiga yashi. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san cewa tsakanin tudu da fadamar Gulbin Rima akwai hanyoyin da rairayi ya cinye, inda taya ke nutsewa har sai mahayi ya sauko ya tura. Manoman shinkafa da masunta da masu kai kifi kasuwa da malaman makarantun ƙauye duk ta nan suke bi, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023 mutane da yawa sun jingine babur sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Mafi yawan masu zuwa wurina ƙorafinsu ɗaya ne, wato keken ya yi nauyi a yashi, alhali laifin ba na yashin ba ne, na yadda aka haɗa keken ne.

A ƙafafun keke aikin yake farawa. Maigidana da ya koya mini sana'a bai bar ni na taɓa sarƙa ko birki ba sai da na iya ɗaure sifok, wato siraran wayoyin ƙarfen da ke riƙe ƙafar keke, da hannuna. Yakan juya tayar a hankali yana ƙwanƙwasa sifok ɗaya bayan ɗaya da sifana, ya ce mini, "Yaro, buɗe kunnenka, wanda ya saki ba ya ɓoye muryarsa." Tsohon Raleigh na Ingila sifok 32 yake da su a gaba, 40 a baya, domin a baya nauyin mahayi da na kaya ke sauka, kuma duk ƙafar da ba a ɗaure ta daidai ba, ranar farko da ta ɗauki buhun shinkafa ta shiga rairayi za ta fara karkacewa. Har yau da kunne nake wannan aiki, kuma ba na miƙa wa mutum kekensa sai ƙafar ta juya ba ta leƙa dama ba ta leƙa hagu.

Bayan sifok sai taya da iska. Mutanenmu suna son a yi wa taya famfo har ta yi tauri, su danna da yatsa su ce yanzu ta yi. A kwalta hakan daidai ne, amma a yashi taya mai tauri yanka ƙasa take yi ta nutse. Idan aka rage iskar sai cikin tayar ya baje, nauyin ya rarrabu, keken ya bi ta saman rairayin. Sai dai ragewar tana da iyaka, domin in iska ta yi kaɗan ƙarfen ƙafar zai ciji tib a duk lokacin da aka taka dutse ko saiwa, kuma sanin wannan iyaka gwargwadon jikin mahayi da kayansa shi ne abin da ake biya na a kai. Ina ba masu zuwa fadama shawarar keke mai ƙafa inci 26 da taya mai faɗin inci biyu ko fiye, sannan in shimfiɗa yankin tsohuwar taya a ciki saboda tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. A baya kuma nakan cire firiwil, wato faifan da sarƙa ke ja a ƙafar baya, mai haƙora 18 in sa mai 22, wanda ke rage gudu a kwalta amma yake sauƙaƙa taka feda inda hanya ta yi taushi.

A nan ne nake shan fama da kayan jabu. Kasuwa ta cika da tayoyi masu sheƙi da zane mai ɗaukar ido, waɗanda robarsu ke tsattsagewa kafin hunturu ya wuce, da tib ɗin da ko faci ba ya riƙewa. Mutum zai zo ya yi ta ciniki, ya ce, "Malam, a can bakin tasha rabin wannan kuɗin ake sayarwa," ya tafi ya saya, sannan bayan 'yan makonni ya dawo yana tura keken da hannu. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a yashi ma ba ta tafiya.

Sarƙa ita ce wurin da na fi ganin ɓarna. Wasu masu gyara suna tuttula mata baƙin mai domin mai keke ya ga an yi aiki, sai man ya kama rairayi, su biyun su zama kamar dutsen niƙa su cinye haƙoran ƙarfe. Ni da kalanzir nake wanke ta, in bari ta bushe, in ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, sannan in goge abin da ya yi saura da tsumma. Boris ɗin ƙafafu da na feda kuwa sai an kwance su an sake musu giris a ƙarshen kowane rani, kuma boris ɗin jabu, wanda ke farfashewa a cikin gida, ba ya shiga shagona ko da kyauta aka kawo shi.

Wani injiniyan ruwa ɗan garinmu da ya yi karatu a Holan ya taɓa kawo mini gyaran keke mai tayoyi masu faɗin inci huɗu, irin wanda aka fara ƙerawa saboda dusar ƙanƙara a Alaska da yashin New Mexico a Amurka, wanda kamfanin Surly ya fitar da samfurinsa mai suna Pugsley a 2005. Abin da ya fi jan hankalina shi ne bayanin injiniyan game da tuddan yashi na gaɓar tekun Holan. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da tsayin ruwan teku, ambaliyar 1953 kuma ta kashe sama da mutum 1,800, saboda haka waɗannan tuddai garkuwa ce gare su. Suna dasa wata ciyawa mai doguwar saiwa domin ta riƙe yashin, kuma a Meijendel kusa da birnin Hague ta cikin rairayin ake tace ruwan sha. Masu keke suna ratsa wurin da yawa, amma a kan hanyar da aka shimfiɗa musu kawai, ba a yarda kowa ya kauce ya taka ciyawar ba.

Mu ba mu da teku, amma darasin bai yi mana nisa ba, domin sabara da gamba da kaba su ke riƙe tudunmu, jema kuma ke riƙe bakin gulbi. Inda aka tattake su aka buɗe sabuwar hanya, iskar hunturu ke kwashe yashin ta zuba shi a gona, ruwan damina kuma ya mai da sawun taya kwazazzabo. Shi ya sa duk wanda na haɗa wa keke nake roƙonsa ya bi tsohuwar hanya, ya kuma kula da tsuntsayen da ke ƙwai a kan yashi tsirara idan ruwa ya janye. Mai keke ma ya fi kowa cin moriyar wurin, tun da ba shi da ƙara, yana iya wuce zalɓe da kirinjijiya da belbela ba tare da ya tashe su ba.

Hawan yashi shi ma koyonsa ake yi. Mahayi ya mai da nauyinsa baya, ya sassauta hannunsa a kan keken, kada ya murɗa shi da ƙarfi ko ya damƙe birkin gaba, kuma kada ya daina taka feda, domin da zarar ya tsaya ya nutse. Fita da asuba ta fi, lokacin da raɓa ta ɗan ɗaure rairayin. Wanda ke shirin noman rani ya kawo kekensa tun kafin ruwa ya janye daga fadama, saboda idan aka fara kai iri da taki, layin da ke gaban shagona ba ya ƙarewa sai bayan Magariba.