Karatun Taswirar Afirka: A Fara da Ruwa Kafin a Zo kan Iyaka

Yawancin masu koyon labarin ƙasa suna fara Afirka ne da taswirar nan mai launi-launi, su haddace sunan kowace ƙasa da babban birninta, shi ke nan. An faro daga wutsiya ke nan. Layukan iyaka ba sa fahimtuwa sai mutum ya fara sanin ƙasar da aka shata su a kai: ina tudu, ina kwari, daga ina ruwa ke tasowa, ina kuma yake zubewa. Sau da yawa takaddama tsakanin ƙasashen nahiyar, in ka tona, za ka tarar da kogi, ko tafki, ko hanyar fita teku a ƙarƙashinta.

Kafin komai, a duba irin taswirar da ke hannu. Wadda aka fi liƙawa a bangon aji an zana ta ne bisa tsarin Mercator na 1569, wanda aka yi domin matuƙa jirgin ruwa. Tsarin yana kumbura duk ƙasar da ta yi nisa da layin ikwaita, shi ya sa tsibirin Greenland ke fitowa kusan daidai da Afirka, alhali Afirka ta ninka shi sau 14. Faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita miliyan 30, Asiya ce kaɗai ta fi ta. Daga arewacin Tunisiya zuwa Cape Agulhas a ƙarshen Afirka ta Kudu kusan kilomita 8,000 ne, daga Dakar zuwa Ras Hafun a Somaliya kuma kusan 7,400. Duk mai son kwatanta girman ƙasashe ya nemi taswirar da ke kiyaye faɗi, ko ya duba ƙwallon duniya.

Siffar nahiyar kamar akushi ne da aka kife: tsakiya a ɗage, baki kuma ya gangaro teku da sauri. Ja layi daga Angola zuwa Habasha. Abin da ke kudu da gabas da layin tudu ne mai tsawo, galibi sama da mita 1,000. Shi ya sa Nairobi ke da sanyi duk da tana dab da ikwaita, Addis Ababa ma da ke sama da mita 2,300 haka. A can ne Kilimanjaro yake da mita 5,895, a can ne kuma ƙasa ta tsage ta ba da dogayen tafkuna irin su Tanganyika, mai zurfin kusan mita 1,470. Arewa da yamma da layin, inda ƙasar Hausa take, ƙasa ta fi kwanciya, sai duwatsu jefi-jefi: Atlas a Maroko, Tibesti a Chadi, Azbin a Nijar, tudun Jos, da Dutsen Kamaru mai aman wuta da ya haura mita 4,000.

Wannan gangaren bakin shi ne ya hana manyan koguna zama hanyar shiga nahiyar daga teku. Kogin Kongo ya fi kowane kogi a Afirka ruwa, a duniya ma Amazon ne kawai ke gabansa, kuma jirgi yana bin sa daga Kinshasa har Kisangani, tafiyar kusan kilomita 1,700. Amma daga Kinshasa zuwa ƙasa ruwan faɗowa yake yi a kan duwatsu. Jirgin teku iyakarsa Matadi, a sauke kaya a ɗora wa jirgin ƙasa ko mota. Dalilin shimfiɗa layin dogo tsakanin Matadi da Kinshasa tun 1898 ke nan. Alherin abin shi ne inda ruwa ke faɗowa nan ake samun lantarki: Inga a Kongo, Kariba a kan Zambezi, da Kainji da aka gama a 1968 a kan Kwara, wanda tafkinsa ya haɗiye tsohon garin Bussa.

Sai ruwan sama. Iska biyu ke juya Afirka ta Yamma: busasshiya daga Sahara, wadda ke kawo hunturu da ƙurar kwarin Bodele na Chadi, da mai laima daga tekun Atlantika. Wurin haɗuwarsu yana hawa arewa daga bazara, ya kai ƙarshensa wajen Agusta, sannan ya koma kudu. Iya arewacinka, iya gajartar daminarka. Fatakwal na samun sama da milimita 2,000 a shekara, Damagaram wajen 400, Agadas ko 200 ba ta kaiwa. In ruwa ya gaza milimita 300 ko kusa da haka, gero ba ya yi sai da ban-ruwa, har Nijar ta kafa doka a 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke sama da ita aka bar wa makiyaya. Don haka Nijar da ta fi Najeriya faɗi (murabba'in kilomita miliyan 1.27 ga 923,768) mutanenta sun taru ne a siririn zirin kudu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka kalandar nan ta dukan nahiyar ce. Kudu da ikwaita abin a juye yake: a Zambiya damina daga Nuwamba take zuwa Afrilu, watan Yuli kuwa sanyi ne.

Yanzu a ɗora taswirar iyakoki a kan wannan, a ga inda suka saɓa.

Kogin Nilu ne babban misali. Tsawonsa kusan kilomita 6,650, ƙasashe 11 ke da rabo a kwarinsa. Farin Nilu da ke fitowa daga yankin tafkin Victoria ya fi tsawo, amma kusan kashi 85 cikin 100 na ruwan da ke isa Masar daga duwatsun Habasha yake gangarowa, mafi yawansa ta Shuɗin Nilu da ke haɗuwa da Farin a Khartoum. A 1959 Masar da Sudan suka raba ruwan tsakaninsu, Masar kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan 18.5, ba a tuntuɓi Habasha ba. Da Habasha ta fara gina babbar madatsarta a 2011, mai cin kubik mita biliyan 74, aka shiga ja-in-ja. Lantarki ba ya shanye ruwa, wucewa yake yi ta inji ya ci gaba. Abin da ke hana Masar barci shi ne wa zai yanke yawan ruwan da za a saki a shekarun fari, in madatsar ta ja baya ana son a sake cika ta.

Namu na gida ma haka yake, sai dai a juye. Kwara, wato kogin Neja, yana tasowa a duwatsun Gini, kilomita 240 kacal daga teku, amma ya juya wa tekun baya ya nufi Sahara, ya bi ta Bamako da Tambutu da Gao da Yamai, ya shigo Najeriya ta Kebbi, sai bayan tafiyar kusan kilomita 4,200 ya faɗa teku. A Lakwaja yake haɗuwa da Binuwai, wanda ke fitowa daga Kamaru. In aka buɗe madatsar Lagdo da ke kansa a Kamaru a ƙarshen damina, daidai lokacin da rassan Binuwai na cikin Najeriya suka cika, ruwan ba shi da wurin zuwa sai gonaki da gidaje daga Adamawa har Bayelsa, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Ɗora wa Lagdo laifin duka bai dace ba, domin kaso mai yawa na ruwan a cikin Najeriya ya sauka. Abin da ke ceton rai shi ne sanarwa da wuri tsakanin hukumomin ƙasashen biyu, da hana gini a cikin fadama.

Tafkin Chadi ya fi su koyar da darasi. Ba shi da zurfi, ba shi da mafita zuwa teku, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kawo masa daga Shari da Logone yake, waɗanda ke tasowa can kudu a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Komadugu Yobe, da ke ɗauko ruwan Haɗeja da Jama'are, ɗan kaɗan yake ƙarawa, ya kuma ragu bayan gina madatsun Tiga da Challawa. A farkon shekarun 1960 tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ko kashi ɗaya cikin goma bai rage ba. Masunta da manoma suka bi ruwan yana ja suna matsawa, har wasu ƙauyukan 'yan Najeriya irin su Darak suka tsinci kansu a ƙasar Kamaru bisa takarda. Hukuncin Kotun Duniya na 2002, wanda aka fi sani da batun Bakassi, ya haɗa da waɗannan ƙauyuka, Najeriya kuma ta janye daga cikinsu a ƙarshen 2003.

Game da asalin layukan, akwai gyara. An cika cewa a taron Berlin na 1884 zuwa 1885 aka zana iyakokin Afirka. Taron ƙa'idojin mamaya ya shimfiɗa. Layukan kansu an yi su daga baya ne, yarjejeniya bayan yarjejeniya tsakanin Turawa biyu-biyu. Iyakar Najeriya da Nijar, mai kusan kilomita 1,500, ta isa misali. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. A 1898 aka sake, aka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Sai Faransawa suka ga an tura su cikin dajin da babu rijiyoyi, ayarinsu ba ya iya zuwa Damagaram, aka sake gyarawa a 1904 da 1906, aka kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Wato wurin shan ruwan sojan Faransa na cikin abin da ya yanke inda layin ya bi tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, Jibiya da Maraɗi, Daura da Magarya.

Bayan 'yancin kai, shugabannin Afirka sun amince a taron Alƙahira na 1964 a bar iyakokin yadda aka gaje su. Ana sukar wannan, amma a ganina sun yi dabara, domin in aka ce a sake zane bisa ƙabila ko harshe, ba a san inda za a tsaya ba. Sabbin ƙasashe biyu ne suka ɓalle aka kuma amince da su: Eritiriya a 1993, Sudan ta Kudu a 2011. Rabuwar Sudan ce ta mai da Aljeriya ƙasa mafi faɗi a nahiyar, tsofaffin littattafai ba sa nuna haka. Ƙasashe 54 ne a Majalisar Ɗinkin Duniya, Tarayyar Afirka kuwa tana ƙirga 55 saboda ta karɓi Yammacin Sahara, wadda Maroko ke riƙe da mafi yawanta. A kula da manyan birane ma, nan ɗalibai ke faɗuwa: Abuja tun 1991, Yamoussoukro a Kwaddibuwa, Dodoma a Tanzaniya, Gitega a Burundi, Porto-Novo a Benin duk da gwamnati a Kwatano take zaune. Yamai kanta sai a 1926 ta karɓe daga Damagaram.

Inda rabon ya fi ciwo shi ne hanyar teku. Ƙasashe 16 ba su da gaɓa ko taku ɗaya, a yankinmu akwai Mali, Burkina Faso, Nijar da Chadi. Kowace kwantena sai ta biya kuɗin tashar wata ƙasa, ta tsallake kwastam biyu, ta sha shingayen hanya, kuma duk wannan a kan farashin shinkafa da siminti da magani yake ƙarewa. Habasha, da ta rasa gaɓarta da ɓallewar Eritiriya, sama da kashi 90 cikin 100 na cinikinta na waje ta Jibuti yake bi. Man Chadi yana bin bututu mai kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kribi a Kamaru. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, duk girmanta, gaɓar tekunta ba ta kai kilomita 40 ba.

Nijar ta ɗanɗana wannan a fili. Hanyarta mafi sauƙi ita ce Kwatano zuwa Yamai, kusan kilomita 1,000, ta gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, manyan motoci suka jeru a bakin gada, kaya suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina Faso da rakiyar soja, hanya ta ƙara tsawo, farashi ya hau. Bututun ɗanyen mai daga Agadem, mai kusan kilomita 2,000, shi ma a Seme ta ƙasar Benin yake ƙarewa, don haka saɓanin siyasa ya shafe shi. Kogin da gadar ta tsallaka ma sai da aka je kotu a kansa. A 2005 Kotun Duniya ta yanke cewa iyakar Nijar da Benin tana bin wurin da ya fi zurfi a babbar hanyar ruwan, ta raba tsibiran da ke ciki, 16 ga Nijar, 9 ga Benin, tsibirin Lete da aka daɗe ana ja a kansa ya faɗa ɓangaren Nijar.