Godiya Bayan Mako 12 Ina Shan Magani, Ina Kan Keken Ɗinki

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya da hantsi na karɓo sakamakon gwajina na ƙarshe, likita ya duba takardar ya ce babu sauran ƙwayar cutar hanta nau'in C a jinina. Ana yin wannan gwajin ne mako 12 bayan an gama magani, kuma sai an ga sakamakonsa ake cewa mutum ya warke. Shi ya sa na riƙe godiyar nan a bakina sai yau.

Jini na je bayarwa, za a yi wa matar ƙanena aiki, aka ce nawa ba zai yiwu ba. Ko ciwon kai ba na yi a lokacin. Ashe haka cutar take, sai ta shekara da shekaru tana cin hanta shiru. Aka sake gwaji don a ga ko ƙwayar na nan da rai, aka duba ko ina da nau'in B, sannan aka ɗora ni a kan sofosbuvir da daclatasvir, sau ɗaya kullum. Likita ya ce a da allurar interferon ake yi wata da watanni ana jin jiki, yanzu kuwa fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shan irin wannan magani suna warkewa.

Sai abin ya faɗo cikin azumi, ga ɗinkin Sallah jibge a shago. Bayan buɗa-baki nake sha, ban taɓa tsallake rana ba. Amma da la'asar ta yi, sai kasala ta sauko min, kai ya ɗau sara, zaren ma da ƙyar nake zura shi a allura.

Da fari na ɓoye wa yaran shago. Ranar da asiri ya tonu, allurar keke ce ta soke min yatsa, jini ya ɗiga a kan farar shadda. Ƙaramin yarona ya taso da gudu zai goge da hannu, na daka masa tsawar da ban taɓa yi masa irinta ba. Shago ya yi tsit. Na ɗaure yatsan da kaina, na zaunar da su na faɗa musu komai: ta jini ake ɗauka, ta reza ko allura ko askar da ba a tsabtace ba, ba ta musabaha ko cin abinci tare ba. Da aka kira magariba sai babbansu ya turo min kwanon ƙosai, ya ce, "Maigida, bismillah," ya sa hannu muka ci tare. Wallahi ban iya ce masa komai ba. Daga ranar ya karɓi yanka da awo, ni kuma in jiki ya ƙi sai in shimfiɗa tabarma bayan tebur in kwanta awa guda, in tashi in tarar sun rage aiki. Yarana, Allah Ya ba ku shagunan kanku, Ya haɗa ku da masu yi muku yadda kuka yi min.

Uwargida, ke kika riƙe lissafin ƙwayoyin nan, kina tsaye da kofin ruwa kafin in fita tarawihi. Ke da yara an gwada ku lafiya lau, wannan ya fi min komai. Yaya, kai ka biya rabin kuɗin magani, kai ka kwantar min da hankali da labarin Masar, inda daga 2018 aka gwada miliyoyin mutane aka yi musu magani. 'Yan adashinmu da kuka ba ni ɗauka tun kafin layina, na gode. Likita da ma'aikatan jinya, Allah Ya saka da alheri. Dattawan da suka kawo min saƙe-saƙi na ciwon shawara, na san ƙauna ce, ku yi haƙuri ban sha ba, likita ya hana a haɗa da komai sai da saninsa.

An gargaɗe ni cewa nau'in C ba shi da allurar rigakafi kuma ana iya sake kamuwa, don haka yanzu da rezata nake zuwa aski.

Masu kayan da na saɓa wa alkawari a Sallah, wasu ba su ko ɗaga min murya ba, ku yafe ni. Sauran ɗinki uku da ke hannuna an goge su an ninke, ku zo ranar Asabar bayan azahar, ina shago.