Shekara biyu da zuwan Dogo gidanmu

Bayan an haura mana katanga a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi an ɗauke raguna biyu, na sayo ɗan kwikwiyon Boerboel, irin karnukan da manoman Afirka ta Kudu ke tsaron gona da su. A kwali na kawo shi, Dogo ne sunansa. Yau ya haura kilo 60, kansa kamar turmi.

Hajiya ta yi sati ba ta amsa gaisuwata. Sai da malam ya ce mata an halatta kare don tsaron dabbobi, ta ce: "To, amma kada ya taka mini tabarmar salla." Bai taɓa shiga ɗaki ba, kwanonsa daban.

Zafin watan Afrilu ne ke ba ni tausayinsa. Ya kwanta ƙarƙashin dogon yaro, harshe waje, numfashi sama-sama, sai na jiƙa buhu na shimfiɗa masa. Allurar haukan kare kuwa duk shekara ake yi masa.

Abin da ke damuna almajirai ne. Tun da suka ji haushinsa suka daina sallama a ƙofarmu. Yanzu da magariba nakan ɗaure shi, in fita da tuwon da kaina in kira su.