Daga Yola zuwa Garkida da tuluna a cinya

Da sassafe muka tsallake gadar Binuwai a Jimeta, motar cike da matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, za mu gaisuwar ta'aziyya wani ƙauye kusa da Garkida. Hanyar ta bi ta Girei, ta wuce Song, sai Gombi, inda ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Hong da Mubi, tamu kuma ta miƙe wajen Biu.

Kayan kiɗan Zumunta ba su da yawa, amma tafiya da su sai da dabara. Tulun ƙasa ba a sa shi a but. Akan naɗe shi da zani biyu, a cusa tsumma a bakinsa, mace ɗaya ta rungume shi a cinya har a isa. Tsagewa ko da siririya ce takan kashe amonsa, kuma ba ta gyaruwa. Babban tulu da soso ake bugun bakinsa, shi ke ba da murya mai zurfi da ake ji a ƙirji. In amonsa ya yi ƙasa da muryar mata, sai a zuba ruwa kaɗan-kaɗan ana gwadawa har ya daidaita. Fatar ganga kuwa sanyin asuba na sa ta saki, don haka da muka tsaya a Gombi aka jera gangunan a rana kamar minti 10. Kada a kanga su da wuta, fatar takan ja ta gefe ɗaya ta ɓata sauti. Lokacin hunturu ne, shugabar Zumunta ta hana kowa ruwan sanyi, ta raba ruwan ɗumi da citta daga fulas.

A Garkida aka fara sujadar da ta zama tushen Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN), ƙarƙashin wata tsamiya, a watan Maris na 1923. A Fabrairun 2020 kuma 'yan Boko Haram suka shiga garin suka ƙone majami'u. Duk wanda zai rera waƙa a wannan yanki ya san masu saurarensa sun sha binne nasu, kuma kunnensu na rarrabe waƙar da ta fito daga zuciya da ta cika baki.

Tun kafin mu shiga gidan makokin, wata matashiya ta ɗauki gora za ta fara kaɗawa. Shugabar ta dafa hannunta ta ce, "A'a 'yata, bari tukuna. Kuka ake yi a ciki." Ita kuma ta ce, "To, Mama," ta ajiye.

Nan ne yawancin ƙungiyoyi ke kuskure. Sukan shigo da waƙar murna da sauri, wai don su ɗauke wa masu makoki hankali, sai masu gida su ji kamar an ce baƙin cikinsu rashin bangaskiya ne. Romawa 12:15 ta ce a yi kuka da masu kuka. Zabura 13 ma da "har yaushe" ta fara, har sau huɗu, sai a ayar ƙarshe Dauda ya kai ga raira waƙa ga Ubangiji. Jerin da matan suka bi ke nan. Waƙa ta farko da ta biyu daga littafin waƙoƙi, murya zalla, ba kiɗa, a hankali yadda kowane layi zai ɗauki numfashi guda. Dogon layi na tilasta wa mai rerawa ya saki numfashi sannu-sannu, shi ya sa shessheƙa ke lafawa ko mutum bai yi niyya ba. A ta uku babban tulu ya shigo shi kaɗai. Sai da matar mamacin ta fara motsa leɓe tana bin amshi, sannan aka ƙara ganga da gora da kuge.

Mai ba da waƙa ta ɗauko ta ƙasa-ƙasa. In ta ɗauko da sama, tsofaffi ba sa iya kaiwa, sai su yi shiru, waƙar ta zama ta 'yan kallo. Amshi kuma gajere, kalma biyar ko shida, wanda mai hawaye zai iya riƙewa. Ni dai ban ga amfanin lasifika a tsakar gida ba. Da ƙarar janareta ta haɗu da ta kiɗa, kalmomin sun ɓace, alhali Kolosiyawa 3:16 ta ɗaura waƙa da maganar Almasihu da koyar da juna. Kiɗa na iya motsa jiki a ko'ina, amma abin da gwauruwa za ta maimaita da tsakar dare kalmomin ne.

Wajen ƙarshe wata dattijuwa ta gidan ta ɗauko waƙa da Bura. Mu baƙi ba mu iya ba, sai muka riƙe mata kiɗa kawai, mutanen gida suka amsa da ƙarfin da ba su yi da Hausa ba, har aka miƙe ana taka rawa. Baba Fasto ya yi addu'a a taƙaice, aka kawo tuwo da miyar yakuwa.

Ƙarfe 3 muka naɗe tuluna, bayan an zubar da ruwan cikinsu, domin direba ya ce ba ya son magariba ta same shi kafin Song.