Ranar da na kusa naɗa wa Kaisar rawanin Paparoma

Wata ƙasida aka ba ni in fassara, kan tarihin kalandar Turawa. Marubucin ya ce Julius Kaisar ya gyara lissafin shekara a 46 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da ikonsa na "pontifex maximus". Ban yi wata-wata ba na rubuta "Paparoma", domin haka hannuna ya saba juya 'yar'uwarta ta Turanci, "pontiff", a labaran duniya. Da daddare, ina bitar aikin da fitilar waya, gabana ya faɗi. An zaɓi Kaisar a wannan muƙami tun 63 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin ba coci ko ɗaya a doron ƙasa.

Sai na ajiye fassarar na shiga tono.

"Pontifex" kalmar Latin ce, kuma tun zamanin Rumawa malaminsu Varro ya fasa ta gida biyu: "pons", wato gada, da "facere", wato yi. Mai gina gada ke nan. Ya danganta sunan da tsohuwar gadar katako ta Sublicius a kan kogin Tiber, wadda limaman gargajiya masu wannan suna ke kula da ita. Su ne kuma masu riƙe da kalanda, su ke cusa ƙarin wata idan shekara ta zame daga lokutanta. Nan na gane dalilin da marubucin ya kawo muƙamin: Kaisar bai yi shisshigi ba, hurumin kujerarsa ne.

Sarkin Rum Augustus ya karɓi sarautar "pontifex maximus" a 12 kafin haihuwar Annabi Isa, sarakunan Rum suka yi ta gadonta har Gratian ya ajiye ta a ƙarni na 4. A wannan zamanin ne malamin Kirista Jerome, da yake mayar da Baibul zuwa Latin, ya kira Kayafa, shugaban limaman Yahudawa a zamanin Annabi Isa, "pontifex". Wannan ya fi ba ni mamaki, domin a Littafi Mai Tsarki na Hausa "babban firist" ake ce masa. Daga baya kalmar ta manne wa shugaban ɗarikar Katolika: Faransawa na cewa "pontife", Italiyawa "pontefice", Sifaniyawa "pontífice". Shafin Twitter da Paparoma Benedict na 16 ya buɗe a Disambar 2012 ma @Pontifex ne sunansa. Turawan Ingila kuwa sun sarrafa ta har ta haifi "pontificate", a kan mai yi wa mutane huɗuba da ɗagawa.

Abin da na koya shi ne kalma ɗaya ce a can, amma a Hausa tana buƙatar riga uku, kuma zamanin da ake magana a kai shi ke zaɓen rigar. Yanzu duk muƙamin da na gamu da shi a fassara, shekarar nake fara dubawa kafin ƙamus.

Na goge "Paparoma", na rubuta "shugaban limaman addinin gargajiyar Rumawa". Ya yi tsawo, edita ya so in rage, na roƙe shi ya bar min shi haka.