Yaron da na bari shi kaɗai a tsibiri

Shekara uku na yi ina rubuta littafin, kuma ta farkon kusan duk a banza ta tafi. Labarin wani yaro ne ɗan shekara 11 da mahaifinsa masunci ya shiga kwalekwale wata asuba bai ƙara dawowa ba. Ya girma shi kaɗai a tsibiri tsakiyar kogi har ya kai 19, sannan son wata yarinya da ke tsallakowa yankan ciyawa ya kama shi.

A rubutun farko kalmar kaɗaici ta cika shafuka, amma da na sake karantawa ban ji komai a ƙirjina ba. Sai na soke ta ko'ina, na koma tambayar kaina abin da hannun yaron yake yi da sassafe. Yana gyara komar mahaifinsa duk mako, ko da bai jefa ta ba. Yana shimfiɗa tabarma biyu da dare. Ranar da yarinyar ta fara yi masa sallama, muryarsa ta ƙi fita, don ya kwana biyu bai buɗe baki ga ɗan Adam ba. A wannan shafin ne na fara yi masa kuka.

Wata ne ya fi koya mini hankali. Na rubuta cewa yaron yana kallon jinjirin wata da tsakar dare. Wani dattijo da na ba ya duba ya ce, "Ɗana, jinjirin wata ba ya kai tsakar dare, rana na faɗuwa yake bin bayanta." Daga ranar na zauna waje kowane dare har wata ya zagayo, kwana 29 da rabi. Na ga yadda fitowarsa ke jinkiri da kusan minti 50 kullum, na ga ranar da ya cika yana ɓullowa gabas daidai faɗuwar rana. Yaron da ba shi da agogo ba zai taɓa wannan kuskure ba, kuma ni da nake magana da bakinsa ba ni da hurumin yi.

Haka na yi da kabare. Na shafe damina guda ina kallon namijin yana saƙa sheƙa da ɗanyar ciyawa, macen ta zo ta leƙa ciki, in ba ta shiga ba har ciyawar ta bushe, ya warware ya fara sabuwa. Na sa yaron ya kalli wannan a makon da yarinyar ta daina zuwa. Da farko na biyo da sakin layi guda ina bayyana yadda tsuntsun ya yi kama da shi. Na cire. Tsuntsu harkarsa yake yi, bai san da wani yaro ba, kuma wannan ko-in-kula ɗin ne ya fi sosa rai.

Soyayyar kuwa sau huɗu na sake ta. Na ɗauka wanda ya daɗe shi kaɗai zai tarbi so da murna. Yaron ya ƙi. Da yarinyar ta dawo bayan ruwa ya janye, ɓuya ya yi cikin ciyawa, yana jin tana kiransa, har ta juya kwalekwalenta. Washegari kafin gari ya waye, ya yanke mata dami biyu ya ajiye a bakin gaɓa.