Ba Duk Kuɗin Da Ke Hannunka Ne Naka Ba

Duk Bahaushen da ya daɗe a Jidda ko Makka ya san aljihunsa ba nasa ba ne shi kaɗai. Wannan zai bar maka riyal dubu biyu ka ajiye masa sai ya dawo Umara, wancan zai zuba naira a asusunka na gida ka saya masa dabino da jallabiyya a nan, ga adashi, ga kuɗin makarantar ƙanne a Kano. Tun 2014 nake rubuta waɗannan, da farko a littafi, daga baya a Excel, layi biyu kacal: abin da ya shigo da abin da ya fita. Da na fara aiki ƙarƙashin wani akanta a wani kamfanin jigilar kaya a nan Jidda, na ga yadda ake riƙe littafin kamfani, sai na ɗaura niyyar kwashe bayanan nawa gaba ɗaya zuwa GnuCash, manhajar lissafi ta kyauta mai aiki da tsarin shigarwa biyu.

Tsarin tsoho ne. 'Yan kasuwar biranen Italiya suna aiki da shi tun kafin masanin lissafi Luca Pacioli ya buga bayaninsa a Venice a 1494. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kowane kuɗi a rubuta inda ya fito da inda ya sauka, kuma ɓangarorin biyu su yi daidai har halala, wato kwabon riyal. Asusun kuwa gida biyar ne: dukiyar da ka mallaka, bashin da ake bin ka, kuɗin shiga, kuɗin da aka kashe, sai jarin da ya rage naka. Idan ka rubuta ɓangare ɗaya ka bar ɗayan, manhajar ba za ta yi maka gardama ba, za ta jefa ragowar a wani asusu na rashin daidaito, ya zauna a can yana jiran ka.

A nan ne aikin ya fara koya mini abu. A tsohon littafi, kuɗin da Kawu ya ba ni ajiya da albashina layi ɗaya suke, duka "shigowa". Sabon tsari bai yarda da haka ba. Albashi kuɗin shiga ne, ajiyar Kawu kuwa bashi ce a kaina tun daga ranar da ta taɓa hannuna, ko da kuwa asusun banki ɗaya suka kwana. Haka adashi: idan na kwashi nawa da wuri, abin da ban riga na zuba ba bashi ne a kaina, idan kuma ni ne na ƙarshe, zubin da nake yi kowane wata dukiyata ce a hannun mutane. Na buɗe wa kowane mai ajiya asusu da sunansa. Da na gama, na cire amanar mutane daga abin da banki yake nuna mini, sai ga ainihin abin da na mallaka, kuma bai kai yadda ido yake gani ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mun taso muna jin ta a tafsiri, amma ba kasafai muke lissafa ajiya da adashi cikin abin da ya kamata a rubuta da suna da rana ba.

Kwanan wata ya ci mini lokaci fiye da lissafin kansa. Manhajar da kalandar miladiyya take aiki, rabin takarduna kuwa da hijiriyya suke, musamman na haya. Gwamnatin Saudiyya ma sai a 2016 ta mayar da biyan albashin ma'aikatanta kan miladiyya. Shekarar hijiriyya ta gaza ta miladiyya da kusan kwana 11, don haka ranar biyan haya tana matsowa gaba kowace shekara. Dole na juya kowace rana da Ummul Ƙura, kalandar hijiriyya ta hukumar Saudiyya, na kuma ajiye ta hijiriyyar a wurin bayani, saboda zakka da ita ake ƙirga shekara. Ga rasit na shaguna, waɗannan siraran takardu da rubutunsu yake dusashewa: na ciro wasu daga ambulan sun koma farare fat, sai tambarin shago kawai. Fayil ɗin bayanan asusu (CSV) da na sauke daga banki shi ma sai da na zaɓi tsarin haruffa na UTF-8 kafin rubutun Larabcin ya fito yadda za a karanta.

Riyal ba shi da wahala, tun 1986 yake tsaye a kan 3.75 ga dala ɗaya. Naira ce ke son kulawa. A 2015 riyal ɗaya bai fi naira hamsin da 'yan kai ba a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ya kai wajen ɗari huɗu. Wanda ya juya tsofaffin aike da canjin yau ya ɓata tarihinsa. Kowane aike na rubuta shi da canjin da aka yi mini a ranar, asusun naira kuma na bar shi da nairarsa.

Ba komai na kwashe ɗaya bayan ɗaya ba, kuma ina ganin hakan ya fi. Shekarun farko da ba su da takardar banki, na tattara cefanensu wata-wata, na rubuta abin da na fara da shi a matsayin ma'aunin buɗewa, na wuce. Abin da ban taƙaita ba shi ne duk wani kuɗi da ya shafi haƙƙin wani. Daga 2017 zuwa yau kuwa na bi layi-layi, kuma ya biya wahalarsa: na ga sarai inda kuɗin da ake biya wa iyali a kan iƙama, wato takardar izinin zama, ya fara da riyal 100 a wata ga kowane mutum a Yulin 2017 har ya kai 400 a 2020, na ga inda harajin VAT ya shigo da kashi 5 a 2018 ya koma 15 a Yulin 2020. Da can mutum yana jin dai kuɗi ba sa auki, yanzu ina iya nuna watan da abin ya soma.

Mafi nauyi a cikin aikin duka shi ne kuɗin da na tura wa 'yan'uwa. Tsohon littafi ya ce "fita" ya yi shiru. Sabon tsari yana son amsa: kyauta ce ko rance? Idan rance ne, dukiyata ce, ana sa ran dawowarta, har ma tana da hukunci a lissafin zakka. Idan kyauta ce, ta tafi. A gidajenmu kunya takan hana a faɗi ko wanne ne, sai a bar maganar a rataye shekara da shekaru, mai bayarwa yana riƙe da ita a rai, mai karɓa yana sunkuyar da kai duk sa'ad da aka haɗu. Akwai wani kuɗi da na tura wa yayana lokacin da yake rufin gida. Na kira shi na ce, "Yaya, ina gyara lissafina ne, kuɗin rufin nan ina so ka sani na bar maka." Ya ce, "Haba ƙanena, ai ni a bashi na rubuta shi, ina tarawa." Muka daidaita a kan rabi ya biya, rabi ya zama gudummawa, kowa ya rubuta a wurinsa. Sauran irinsu ma haka na bi su, mutum-mutum, da waya ko da saƙo, kafin na sa kowanne a asusun da ya dace.

Yanzu duk ƙarshen wata nakan sauke takardar banki in gwada ta da abin da ke cikin manhajar, in tabbatar asusun rashin daidaito yana kan sifili, sannan in tura wa kowane mai ajiya adadin abin da yake da shi a wurina. Kwafin fayil ɗin yana wurin maiɗakina, ta kuma san yadda ake buɗe shafin amanar mutane.